Sharhi: Me ya sa wahalar abokin gaba ke yi wa mutane daɗi?

A duk lokacin da labari ya fito cewa an kama wani ɗan siyasa, ko an kori wani babban ma'aikaci, ko kuma wata musiba ta auka wa ƙasar da ake takun saƙa da ita, akwai kalmomi uku da ba sa jinkirin bayyana a shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan Nijar: "Allah ya ƙara." Wasu kan rubuta su da sunansu na gaskiya, wasu kuma a bayan sunan aro. Haka ake jin su a fada wajen shan shayi, da tashar mota, da bakin kasuwa. Abin lura shi ne masu faɗar su ba sa samun ko dala daga wahalar da suke yi wa murna, wani lokaci ma wahalar tana kan hanyar zuwa gidajensu.

Wannan hali ba sabo ba ne, kuma bai tsaya ga al'umma guda ba. Larabawa na kiran sa shamata, Jamusawa na da kalmarsu Schadenfreude, Hausawa kuma sukan ce dariyar ƙeta ko mugun fata. Sai dai tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, da takunkumin da ya biyo baya, da rabuwar kawunan da ta shiga har cikin iyalai, ya samu fili fiye da yadda aka saba gani. Sanin tushensa yana da amfani, domin a ƙasar da mulki ya sha sauya hannu da ƙarfin bindiga, abin da jama'a suka yarda a yi wa abokin gaba yau shi ne ma'aunin da za a auna musu gobe.

Saiwoyi uku

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bincike a kan lamarin, kuma galibin abin da suka gano yana komawa ga saiwoyi uku.

Ta farko ita ce hassada. A shekarar 2009 wasu masu bincike a Japan ƙarƙashin jagorancin Hidehiko Takahashi sun wallafa sakamakon wani gwaji a mujallar Science. Sun sa ɗalibai a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su labarin wani ɗalibi da ya fi su ƙoƙari da wadata da farin jini. Sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin ciwo shi ne ya motsa. Da aka ba su labarin cewa wani abin takaici ya samu wannan ɗalibi, sai sashen da ke motsawa idan mutum ya samu abinci mai daɗi ko kuɗi ya kama aiki, kuma gwargwadon hassadar da mutum ya ji da farko, gwargwadon daɗin da ya ji daga baya. Wasu gwaje-gwajen da aka yi a Holan sun nuna cewa wanda ke jin kansa a ƙasa, ko wanda bai daɗe da shan kaye ba, ya fi saurin jin wannan daɗi. Faɗuwar na sama ba ta ƙara masa komai a aljihu, amma tana rage tazarar da ke ci masa rai.

Ta biyu ita ce ƙishirwar adalci. A shekarar 2006 Tania Singer da abokan aikinta a Landan sun haɗa mutane wasan kuɗi da wasu abokan wasa, ɗaya mai gaskiya, ɗaya mai cuta. Daga baya aka nuna musu ana ɗan jona wa abokan wasan wutar lantarki a hannu. Idan mai gaskiyar ne ke jin zafi, ƙwaƙwalwar masu kallo na nuna alamun tausayi. Idan macucin ne, tausayin kan ragu sosai, musamman a wajen maza, har ma alamar jin daɗi ta bayyana. Wannan ita ce saiwar da ta fi wuyar ganewa, domin mai ita ba ya ganin kansa mugu. A ganinsa alhaki ne ya kama mai shi.

Ta uku ita ce ɓangaranci. A farkon shekarun 1970 Henri Tajfel ya raba yaran makaranta a birnin Bristol na Ingila gida biyu bisa dalilin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya ba su damar raba lada. Da yawa daga cikin yaran sun gwammace ɓangarensu ya samu kaɗan matuƙar zai fi ɗaya ɓangaren, a kan kowa ya samu da yawa. Daga baya an ga irin wannan a wajen masoya ƙwallon ƙafa na Holan, waɗanda suka ji daɗin kayen da Jamus ta sha a hannun Kuroshiya a gasar cin kofin duniya ta 1998, alhali kayen bai ba ƙasarsu kofi ba. Wani bincike da aka yi a jami'ar Kentucky ta Amurka, aka wallafa a 2009, ya kai abin ga siyasa: masu tsananin kishin jam'iyya sun nuna alamun jin daɗi da labarin taɓarɓarewar tattalin arziki, har da na mutuwar sojojin ƙasarsu, idan suna ganin labarin zai cutar da jam'iyyar da ke mulki.

A zahiri saiwoyin nan uku a cakuɗe suke. Mutum kan fara da hassada ko ɓangaranci, sannan ya lulluɓe su da rigar adalci don ya samu kwanciyar hankali.

Kurkuku ɗaya, baƙi daban-daban

Tarihin siyasar Nijar ya isa misali. Gwamnatin Diori Hamani ta haramta jam'iyyar Sawaba a 1959, kuma a 1964 an harbe wasu mayaƙanta a bainar jama'a. Shekara goma bayan haka, ranar 15 ga watan Afrilun 1974, sojoji suka kifar da Diori, matarsa Aisa ta rasa ranta a daren, shi kuma ya shafe shekaru a tsare. Djibo Bakary, jagoran Sawaba, ya dawo gida daga gudun hijira bayan faɗuwar abokin hamayyarsa, amma a 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta tsare shi shi ma.

A zamanin Tandja Mamadou an kai tsohon firaministansa Hama Amadou gidan kason Kutukale a 2008. Bayan rikicin tazarce da juyin mulkin 18 ga watan Fabrairun 2010, Tandja da kansa ya tsinci kansa a gidan kason Kollo a farkon 2011. Hama Amadou ya mara wa Mahamadou Issoufou baya a zagaye na biyu na zaɓen 2011, ya zama shugaban majalisar dokoki, amma zaɓen 2016 a gidan kason Filinge ya same shi, yana ɗan takara. Bayan bayyana sakamakon zaɓen watan Fabrairun 2021 tarzoma ta ɓarke a Yamai, aka kama ɗaruruwan mutane, aka ƙona gidan ɗan jarida Moussa Kaka. Kwana ɗaya bayan juyin mulkin 2023 kuma, cibiyar jam'iyyar PNDS Tarayya ce aka cinna wa wuta tare da motocin da ke wurin. Tun daga ranar juyin mulkin ake tsare da Mohamed Bazoum da matarsa a fadar shugaban ƙasa, kuma a watan Yunin 2024 kotu ta cire masa rigar kariya.

A kowane mataki na wannan jeri an samu masu guɗa. Magoya bayan da suka yi murna da kamun abokin hamayya a wata shekara su ne suka koma neman lauyoyi da kiran ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam bayan wasu shekaru. Duniya rawar 'yan mata ce, in ji masu iya magana, na gaba ya koma baya.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kayan aikin da ake bari a baya. Dokar yaƙi da laifukan intanet a 2019 aka kafa ta, zamanin Issoufou, kuma da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a watan Yunin 2020. A 2022 aka sassauta ta, aka cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna. A watan Yunin 2024 hukumomin soja suka dawo da ɗaurin. Ita Samira Sabou an sake kama ta a ƙarshen watan Satumban 2023, a ƙarƙashin sabuwar gwamnati. Haka ɗan fafutuka Moussa Tchangari, wanda aka tsare a 2018 saboda zanga-zangar adawa da dokar kasafin kuɗi, an sake kama shi a watan Disamban 2024, daga baya aka kai shi Filinge, gidan kason da Hama Amadou ya zauna. Doka da kurkuku ba su san katin jam'iyya ba. Wanda ya tafa wa doka mai tsauri saboda ta kama maƙiyinsa, ya taimaka wajen wasa wuƙar da za ta rage a kan teburi bayan mutanensa sun tashi.

Wahalar da ba ta bin adireshi

Takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya nuna wata fuskar lamarin. Ranar 30 ga watan Yulin 2023 shugabannin ƙungiyar suka yanke shawarar rufe iyakoki da dakatar da hulɗar kuɗi da Nijar, kwanaki kaɗan bayan haka Najeriya ta katse wutar lantarkin da ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. An samu masu adawa da juyin mulkin, a ciki da wajen ƙasa, da suka yi ta fatan matsin ya tsananta har talakawa su juya wa sojoji baya. Amma waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne mai walda da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara, da majinyacin da maganinsa ya maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, da magidancin da farashin shinkafa ya fi ƙarfinsa. A ɗaya gefen iyakar ma, 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari sun ga kasuwanninsu sun mutu. Da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga watan Fabrairun 2024, sojoji na nan kan mulki, Nijar kuma ta riga ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso.

Haka abin ya kasance ta ɗaya ɓangaren. Lokacin da darajar naira ta zube, tsadar rayuwa ta addabi 'yan Najeriya bayan cire tallafin man fetur, an ga masu cewa alhakin Nijar ne ke bin su. Sai dai makiyayin Dakoro ko Tanut da ke kai raguna kasuwannin Najeriya da naira ake biyan sa, kuma idan ya canza ta zuwa sefa sai ya tarar ribarsa ta narke. Tsadar mai a Najeriya ta sa man da ake shigowa da shi ta bayan fage ya ja baya, buƙata ta taru a kan matatar SORAZ ta Damagaram, kuma wannan na cikin dalilan ƙarancin man da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. A lokacin kuma wasu daga ƙetaren iyaka ne suka karɓi dariyar. Ƙasashen biyu na da iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, da dangi da auratayya da kasuwa guda tsakanin Maraɗi da Katsina, Ƙonni da Sakkwato, Damagaram da Daura da Kano. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ya kamata a tuna cewa a wancan lokaci an samu waɗanda suka ƙi bin wannan hanya. 'Yan majalisar dattawan arewacin Najeriya sun fito fili sun ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja a kan Nijar, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zo Yamai ta gana da Janar Abdourahamane Tiani, haka ma Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu. Hujjarsu guda ce: duk harsashin da aka harba, a jikin ɗan uwa zai sauka.

Idan gawa ta zama hujja

Inda abin ya fi muni shi ne batun tsaro. A watan Disamban 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates, wata guda bayan haka wasu 89 a Shinagodar. A watan Maris na 2021 an kashe fararen hula 137 a yankin Tilliya na jihar Tawa. Bayan sauyin gwamnati hare-haren ba su tsaya ba: sojoji 29 a kusa da Tabatol a watan Oktoban 2023, masallata 44 a Fambita a watan Maris na 2025. Bayan kowane hari, kafin a gama jana'iza, muhawarar shafukan sada zumunta kan rabu gida biyu. Masu adawa da gwamnatin lokacin na yaɗa adadin mamata da wani irin zumuɗi, har da ƙari a kai, masu goyon bayanta kuma na ƙoƙarin rage adadin ko zargin duk wanda ya ambace shi da rashin kishin ƙasa. Da mulki ya sauya, sai ɓangarorin suka yi musayar matsayi.

Tambayar hukuma dalilin da ya sa aka kasa kare wani ƙauye haƙƙin ɗan ƙasa ne, kuma aikin ɗan jarida ne. Bambancin yana ga abin da zuciya ke fata. Mai tambaya don a gyara yana son harin ya zama na ƙarshe. Mai dariyar ƙeta kuwa, ko bai furta ba, yana jiran na gaba don ya ƙara samun hujja. Sojan da ya faɗi ɗan wani ne daga Gaya ko Mirya ko Madawa, kuma masu ɗauke da makamai ba sa tambayar ra'ayin siyasar mutanen ƙauye kafin su buɗe wuta. Al'ummar da rabinta ke ɗaukar asarar ƙasa a matsayin riba ta sauƙaƙa wa maharan aikinsu.

Abin da waya ta sauya

A da, mai mugun fata yana da abin da ke taka masa burki. A gari guda ake zaune, za a haɗu a masallaci da wajen suna da zaman makoki, kuma kunyar ido kan hana mutum faɗar duk abin da ke ransa. Wayar hannu ta cire wannan shinge. Mai rubutu ba ya ganin fuskar matar wanda aka kama ko 'ya'yansa. Tsarin Facebook da TikTok kuma yana ɗaga abin da ya fi jawo martani, kuma ba abin da ke jawo martani kamar zagi da izgili. Saƙon murya na minti biyu da aka ɗauka cikin fushi a Yamai kan isa Agadas da Difa kafin la'asar.

Harshe ma yana taka rawa. Tun 2023 kalmomi irin su "maci amanar ƙasa" da "karen Faransa" a gefe guda, da "'yan amshin shatan soja" a ɗaya gefen, sun zama ruwan dare. Masana sun lura cewa jin daɗin wahalar wani yana sauƙi ne idan an fara cire masa rigar mutuntaka, aka mayar da shi laƙabi. A Ruwanda, kafin kisan ƙare dangi na 1994 da lokacinsa, gidan rediyon RTLM kyankyasai yake kiran 'yan Tutsi. Nijar ba ta kusa da wannan hali, amma darasin yana nan: mutumin da aka saba kira da sunan dabba, ranar da aka zalunce shi ba a samun masu cewa uffan.

Ƙasar na da nata maganin gargajiya. Wasan dangi tsakanin ƙabilu da taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2014, hanya ce ta fitar da tsokana da gori ba tare da ƙiyayya ba, domin ƙa'idarsa ita ce abokin wasa ba ya cutar da abokin wasansa, kuma idan musiba ta same shi ana tsayawa tare da shi. Haka a gasar kokowa ta takobin ƙasa, jihohi takwas kan yi wa juna dariya idan gwarzon wata jiha ya sha ƙasa, amma a ƙarshe 'yan kokowar kan rungumi juna. An kuma ga wannan ruhi a daminar 2024, lokacin da ambaliya ta kashe mutane fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan guda, jihar Maraɗi ta fi kowace jin jiki, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Waɗanda suka buɗe wa maƙwabta ɗakunansu ba su tambayi wanda suka zaɓa a 2021 ba.

Tsakanin hukunci da ramuwa

Kiran a daina dariyar ƙeta ba ya nufin a yafe wa ɓarayin dukiyar ƙasa ko waɗanda suka zubar da jini. Binciken kuɗin ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020 ya nuna an yi sama da faɗi da biliyoyin sefa a lokacin da sojoji ke mutuwa a fagen daga, kuma fushin jama'a a kan haka yana da hujja. Yawancin "Allah ya ƙara" da ake ji daga bakin talaka, a gaskiya, kukan wanda ya daɗe bai ga kotu ta hukunta babba ba ne. Inda shari'a ke aiki ba sani ba sabo, mutane ba sa buƙatar jiran juyin mulki ko ciwo ko haɗari kafin su ga an rama musu.

Amma akwai alamomin da ke raba mai neman adalci da mai neman ramuwa. Na farko yana son a gurfanar da wanda ake zargi gaban alƙali, a ba shi lauya, a yanke masa hukunci daidai laifinsa, kuma zai yarda a yi wa nasa mutumin haka. Na biyu bai damu da shari'a ba, wahalar yake so, kuma yana son ta haɗa da mata da 'ya'ya da 'yan garin mai laifin. Malaman addini kan tunatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga dariyar maƙiya, kuma akwai ruwayar da ke gargaɗin cewa mai bayyana murna da musibar ɗan uwansa na iya wayar gari Allah ya yaye wa wancan, ya jarrabe shi.

A watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, a farkon Afrilu kuma aka saki mutane kusan 50 da ake tsare da su, ciki har da tsoffin ministoci, bisa shawarar babban taron ƙasa na watan Fabrairu. Takardar doka na iya rusa jam'iyya cikin yini guda, amma gabar da aka shuka a zukata tana buƙatar wani aikin daban: kotunan da kowane ɓangare zai amince da su, 'yan jarida da za su iya faɗar adadin mamata ba tare da tsoro ko zumuɗi ba, da malamai da sarakuna da za su tsawata wa nasu kafin su tsawata wa na wasu. Ga mai riƙe da waya kuwa, gwajin mai sauƙi ne. Kafin ya tura saƙon murna da kamun wani, ya sa sunan ɗan uwansa a wurin sunan wanda aka kama, ya duba ko zai amince da yadda aka yi kamun, da tsawon tsarewar, da irin shari'ar. Idan ba zai amince ba, to ramin da yake taya haƙawa gara ya zama gajere, domin tun 1974 babu ɓangaren siyasar Nijar da bai ɗanɗana zaman cikinsa ba.